Kura da shan bugu: wa zai biya lauya in ɗan kasuwa ya karye?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na je gaida kawuna a Jega, na tarar da shi a zaure da wata takarda a hannu yana ta juya ta kamar wanda aka kawo wa sammaci. Takardar rabo ce. Rabon abin da ya rage na dukiyar wani ɗan kasuwa da ya karye, wanda mutum 14 ke bin sa kuɗin shanshera, kawu na cikinsu. Na karɓa na duba, tun kafin a zo kan sunan kowa, layin farko an rubuta kuɗin lauyoyi da ɗawainiyar kotu, an zare naira miliyan 3 daga sama, sannan aka raba sauran.

Na ce, "Kawu, wannan miliyan ukun wa ya yarda a cire ta?"

Ya ce, "Kai dai bari, ɗana. Haka anka ce ana yi."

Wannan "haka ake yi" ɗin ita ta hana ni barci, shi ya sa nake wannan rubutu. Matsayina a taƙaice: in mutum ya karye, abin da ya rage a hannunsa ba nasa ba ne kuma, na masu bin sa ne gaba ɗaya, saboda haka ba wanda ke da ikon ya ɗauki lauya don ya yi faɗan kansa sannan a zo a biya lauyan daga wannan tukunya. Wanda ya jawo zaman kotu don amfanin kansa, ya sa hannu a aljihunsa. Abin da ya halatta a cire daga tukunya shi ne kuɗin aikin da ya amfani kowa, shi ma da iyaka.

Bari in faɗi yadda abin ya faru, na ɗan daidaita lambobin don lissafi ya yi sauƙi.

Mutumin nan shekara da shekaru yana karɓar shanshera bashi wurin manoma da ƙananan 'yan kasuwa, ya kai kamfanonin casa, in an biya shi ya biya mutane, kuma yana da wata harkar ta Kamba zuwa Gaya ta Nijar. Ba a taɓa jin ya ci kuɗin kowa ba. Sai 2023 ta zo, aka cire tallafin mai a watan Mayu, kuɗin ɗaukar kaya ya haukace, a watan Yuli sojoji suka yi juyin mulki a Nijar aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, kuɗinsa suka maƙale a hannun mutanen da su ma sun durƙushe. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da aka zauna gaban dattawan kasuwa aka lissafa, ana bin sa miliyan 40, abin da ya mallaka kuwa, babbar mota ɗaya da fili da ɗan kayan da ke sito, duka duka miliyan 16.

Lissafin ba wuya. Duk mai bin naira 100 zai samu 40. Da zafi, amma kowa ya ce Allah ya mayar da alheri.

Kowa ban da mutum ɗaya. Wani Alhaji da ke bin miliyan 18 ya ce sam, motar an jinginar masa da ita tun bara, shi zai ɗauke ta, sauran su raba fili. Ina takarda? Babu. Ina shaidu? Yaransa biyu. Ya ɗauki lauya ya shigar da ƙara, aka hana sayar da komai sai an gama shari'a, dole sauran 13 suka yi karo-karo su ma suka ɗauki nasu. Aka yi ta ɗage zama, yau lauya ya tafi Sakkwato yana da wata shari'a a kotun ɗaukaka ƙara, gobe shaida ba shi da lafiya, jibi an shiga hutu. Shekara ɗaya da rabi mota na tsaye cikin rana da ruwa, tayoyi suka zube, batir ya yi ƙafa, kayan sito ƙwari suka yi biki. Da kowa ya gaji aka koma wurin dattawan nan dai da aka baro, aka yi sulhu, Alhaji ya janye maganar jingina bisa sharaɗi ɗaya: a biya lauyoyin ɓangarorin biyu daga kuɗin gwanjo.

Aka sayar da komai miliyan 13. Aka cire 3, biyu na lauyan Alhaji, ɗaya na lauyan sauran da ƴan kuɗaɗen kotu. Saura 10. Mai bin 100 ya koma 25.

Kawu da ke bin miliyan 2 ya tashi da 500,000 maimakon 800,000. Amma wadda ta fi tsaya min a rai wata dattijuwa ce da ke bin 400,000, kuɗin noman ranin da ƴaƴanta suka yi mata a fadama. Bashinta kashi 1 ne cikin 100 na duka bashin, ke nan cikin miliyan biyun lauyan Alhaji ita ta biya naira 20,000. Ta biya lauyan da aikinsa shekara ɗaya da rabi shi ne ya raba ta da rabonta a motar. Shi kuwa Alhajin da ya ɗauko lauyan, tunda kasonsa 45 ne cikin 100, naira 900,000 kawai ya biya a zahiri, sauran miliyan 1 da dubu 100 mutanen da ya kai ƙara ne suka biya masa. In wannan ba kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba ne, to a faɗa min sunansa.

"Ai doka ce ta ce a fara cire kuɗin shari'a"

Wannan ita ce amsar farko da na samu daga wani abokina da ya yi karatun lauya, kuma akwai gaskiya a ciki amma rabinta.

Muna da dokar karayar arziki ta mutum ɗaya tun 1979, kuma tsarin mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya kaɗai hurumin sauraron irin wannan ƙara. Kamfanoni kuma dokar CAMA ta 2020 ce ke kula da rushe su. Dokar 1979 ɗin ta tsufa har ta kai cewa bashin da ta ce za a iya kai mutum ƙara a kansa naira 2,000 ne, kuɗin da yau ba zai cika maka tankin babur ba. Kuma mu yi wa juna gaskiya, ɗan kasuwar Jega ko Argungu nawa ka taɓa ji an kai Babbar Kotun Tarayya ta Birnin Kebbi an ayyana shi a matsayin wanda ya karye? Mu namu yana ƙarewa ne a kotun shari'a, ko majistare, ko gaban shugaban ƴan kasuwa, ko kuma, abin kunya, ofishin ƴan sanda, duk da cewa dokar ƴan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya.

To a waɗannan dokoki, e, ana fara cire kuɗin gudanar da rabon kafin masu bin bashi. Amma kuɗin me? Kuɗin wanda aka naɗa ya tattara dukiyar, ya ƙiyasta ta, ya sayar, ya raba. Wato kuɗin aikin da kowa ya ci moriyarsa. Ba a ce duk wanda ya ga dama ya tada rigimar kansa ya kawo rasit ba. Abin da aka yi a rabon su kawu aro ne aka yi wa dokar, aka ɗauki rigarta aka sa wa abin da ba ita ba.

Ko inda ake bin dokar sau da ƙafa ma tukunyar nan cinye ta ake yi. Bankin Lehman Brothers na Amurka da ya rushe a 2008, kuɗin lauyoyi da masu ba da shawara kaɗai ya haura dala biliyan 2. Su can akwai abin da za a ci a rage. Mu nan mota ɗaya ce da fili.

"Wanda ya faɗi ya biya, shi ke nan"

Wannan ita ce ƙa'idar da muka gada daga Ingila, kuma a fatar baki tana da daɗi. Matsalarta a shari'ar karyewa ita ce wanda ya fi faɗuwa shi ne wanda ba shi da ko sisi. Ka kai wanda ya karye ƙara, ka ci nasara, alƙali ya ce ya biya ka ɗawainiya. Daga ina? Daga tukunyar nan dai. Wato ka ci nasara a kan maƙwabcinka da ke jiran nasa kason, ba a kan wanda kuke bi ba.

Sannan ko a shari'ar da ba ta karyewa ba, abin da kotunanmu ke yankewa a matsayin ɗawainiya sau da yawa bai kai ko kusa da abin da mutum ya kashe ba. A shekarar 2000 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a wata shari'ar kamfanin Guinness (e, na giya, amma hukuncin ya shafi mai sayar da dabino ma), ta ce bai dace mutum ya ɗora wa abokin shari'arsa kuɗin lauyansa ba. Daga baya wasu hukunce-hukuncen sun sassauta, suka ce in ka nema a rubuce kuma ka kawo hujjar abin da ka biya ana iya ba ka. Talaka dai abin da ya sani shi ne ya ci shari'a ya dawo gida da ramuwa.

Kuma akwai tsoro. In ka gaya wa dattijuwar nan cewa in ta ƙalubalanci Alhaji ta faɗi za ta biya lauyansa miliyan 2, wallahi ko da gaskiyarta ba za ta buɗe baki ba.

Wasu kuma suka ce to a yi irin na Amurka, kowa ya biya nasa. Da an yi haka a rabon su kawu da ya fi abin da aka yi, ban musa ba. Sai dai shi ma kashin dankali ne. Mai miliyan 18 zai iya biyan lauya shekara uku bai ji a jikinsa ba, mai 400,000 kuɗin mota daga ƙauye zuwa kotu sau goma ya isa ya sa ta ce ta yafe. Mai kuɗi ba sai ya ci shari'a ba, ya isa ya jure ta fiye da kai.

Abin da ke cikin littattafanmu tun da daɗewa

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan matsala malamanmu sun gama da ita tun kafin a haifi kakannin lauyoyin. Duk wanda ya zauna gaban malami ya yi babin taflisi, wato babin karayar arziki a fiƙihu, ya san tsarin: alƙali ya hana wanda ya karye taɓa dukiyarsa, a bar masa suturarsa da abin da zai ci da iyalinsa na ɗan lokaci, a sayar da sauran, a raba wa masu bi gwargwadon bashin kowa. Wanda ya tarar da kayansa na nan yadda suke shi ya fi cancanta da su, hadisi ne ingantacce. Ita dai dattijuwar tata shinkafar tuni an cashe an ci a Legas. Kuma a hadisin da Muslim ya ruwaito, mutumin da ya yi asarar ƴaƴan itacen da ya saya bashi ya yi masa yawa, Manzon Allah (SAW) ya sa aka tara masa sadaka ba ta isa ba, sai ya ce wa masu bin sa su ɗauki abin da suka samu, ba su da wani abu bayan wannan.

Kan kuɗin shari'a kuwa, Tuhfa ta Ibn Asim, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita, ta yanke magana a baiti ɗaya: ladan ɗan aiken alƙali yana kan mai neman haƙƙi, amma in ɗayan ne ya yi taurin kai da jayayya to a kansa yake komawa. Ibn Taimiyya ma ya yi fatawa irin wannan, cewa mai halin biya da ya yi ta ja har ya tilasta mai haƙƙi kai ƙara, abin da aka kashe bisa al'ada yana wuyansa.

Ka duba ma'aunin. Ba su tsaya kan wa ya ci wa ya faɗi ba. Sun tambaya ne: wa ya sa aka zo nan alhali da ba sai an zo ba? Wannan shi ne ma'aunin da nake cewa a ɗauka. Mutum na iya faɗuwa a shari'a alhali da uzurinsa, takardu ne suka rikice kowa na da ɗan abin kamawa, irin wannan kowa ya ɗauki nauyin kansa. Mutum kuma na iya zuwa da maganar jinginar da ba takarda ba shaida sai yaran gidansa, ya tsayar da mutum 13 shekara ɗaya da rabi. Wannan ya biya nasa lauyan, ya biya na sauran, ni da zan samu yadda nake so har faɗuwar darajar motar sai an lissafa masa.

Za a ce wa zai tantance mai taurin kai? Alƙali mana. Wanda muka yarda ya tantance mai gaskiya a rigimar gado da ta gona shi zai kasa gane wanda ya nemi a ɗage zama sau bakwai? Rajistan kotu na nan, duk ɗagewa an rubuta wanda ya nema.

Lauya ba zai ci abinci ba?

Zai ci, kuma ni ba na cikin masu zagin lauyoyi. Abokin nan nawa ya gaya min yadda suke shan wahala da mutanenmu, a yi ciniki a ba ka rabi, in an ci shari'a a daina ɗaga wayarka. Shi ya sa da yawansu suka fi son a ce a cire daga gwanjo, nan ne kawai suke da tabbas. Na fahimta.

Kuma akwai aikin lauya da ni da kaina zan ce a biya daga tukunya tun kafin kowa. A ce wanda ya karye ya mayar da gidansa da sunan matarsa sati biyu kafin a zauna, ko ya tura shanu wurin ƙaninsa a Bagudo, lauya ya bi diddigi ya dawo da su cikin rabo. Wannan ya ƙara wa kowa, har dattijuwar, don haka kowa ya biya. Tambayar ɗaya ce: aikinka ya ƙara tukunyar ko ya rage ta? In ya ƙara, ci daga ciki. In faɗan mutum ɗaya ka yi, ga mai gidanka can.

Shi ma wanda za a cire ɗin, a san iyakarsa tun ranar farko. A zauna a rubuta sunan kowa da abin da yake bi, a ƙiyasta dukiyar, a ce ɗawainiya ba za ta wuce kaza ba sai da yardar masu bi, kuma yardar a ƙirga ta da kawuna, ba da nauyin kuɗi kaɗai ba, in ba haka ba Alhaji da mutum ɗaya sun isa su rinjayi sauran 12. Kuma abin da ke lalacewa a sayar da shi nan take a ajiye kuɗin, a yi rigimar a kan kuɗi. Kuɗi ba ya zubar da taya.

Shi wanda ake bin fa?

Nan na san za mu saɓa da wasu. Akwai masu cewa ai shi ya jawo komai, duk abin da aka kashe a rubuta a kansa ya biya in ya farfaɗo. Ya danganta da wane ne. Alƙur'ani a Baƙara aya ta 280 ya ce mai ƙunci a jinkirta masa zuwa yalwa, hadisi kuma ya ce jan bashi ga mai hali zalunci ne. Mutum biyu ne daban. Wanda ya ɓoye dukiya ya ce ya karye, a ɗora masa kuɗin shari'ar duka, ya bi shi har ranar da zai samu. Amma mutumin Jega ya kawo makullin mota da takardar fili da hannunsa ranar farko, bai musa bashin kowa ba, a duk zaman kotun yana zaune a benci ne kamar ɗan kallo. Da wane dalili za a ƙara masa miliyan 3 kan rigimar da ba shi ya tada ba?

Irinsa ma yana cikin mutum takwas ɗin da Suratut Tauba ta ce a ba zakka. Maƙwabtanmu Zamfara suna da Hukumar Zakka da Wakafi, mu ma muna da masu fitar da zakka da buhu-buhu duk kaka, amma kason masu bashi kusan an manta da shi, an fi ganin rabon hatsi gaban kyamara. Akwai kuma hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali da gwamnatin tarayya ta kafa tun 1976, na tambayi mutum biyar cikin masu bin bashin nan, ba wanda ya taɓa jin sunanta.

Kafin in baro Jega na ce wa kawu me ya sa ba su ƙi sa hannu ba, ai su 13 ne. Ya yi dariya ya ce in sun ƙi Alhaji zai koma kotu, in ya faɗi ya ɗaukaka ƙara zuwa Sakkwato, kafin a gama motar ta zama ta ƴan gwangwan. Ya ce da babu gara ba daɗi. Kuma gobe in damina ta yi kyau wurin Alhajin nan dai za a koma neman taki bashi, wa zai so ya ɓata da shi?

Muna cikin maganar sai ga dattijuwar ta yi sallama, ta zo kawu ya karanta mata takardar don ita ba ta boko. Ya karanta mata, ya zo kan 100,000 ɗinta, ta ce a maimaita mata layin farko. Ya maimaita.

Ta ce, "Malam, wanga lauya na Alhaji, shi ne mai baƙar kwat da ya ce ban da shaida?"

Kawu ya ce shi ne.

Ta yi shiru, ta ƙulle takardar a bakin zanenta, ta tambaya ko motar garinsu ta tashi.